Tushen Gamba Bakwai

Unguwar Gide, ta Damari
20 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanwata Lidiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman Ibadan? Mu nan sai godiyar Allah. Matata Suwaiba na gaishe ki. Inna ma tana nan, ƙafar ce ke tashi in an yi ruwa, idon kuma ya ƙara hazo. Amma bakin lafiya lau, jiya ma sai da ta wanke ni tas a kan na bar akuya ta cinye mata kuɓewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin dai ji an yanke sabis a ƙasarmu saboda 'yan bindiga, wayata ta koma fitila. Malam Mamuda, direban da ke kai masara kudu daga Funtuwa, shi na ba, ya ce ya san ƙofar makarantarku. Rabona da biro tun firamare, in kin ga rubutun kamar kaji sun yi tono, ki yi haƙuri.

Ga abin da ya sa na rubuto. Sau biyu ke nan mutanen dajin suna shigo mana ta cikin doguwar ciyawa. Ranar Juma'a Baba Mai'unguwa ya tara mu, aka yanke shawara a tone duk gambar da ke kewaye da gari har saiwa, don masu gadi su riƙa hango mai zuwa tun daga nesa. Ban yi musu ba. Gambar iyakar gonarmu, wadda muke yanka kowace kaka mu saƙa zana, taku ɗari uku da wani abu, duk mun tone ta, ko kai ba ta kai ga fiddawa ba.

Da aka zo kan tushe bakwai ɗin nan na ce a dakata. Na tashi na faɗi abin da kowa ya sani. Na ce Baba ya rasu a kan addinin iyayensa, ni na musulunta, ƙanwata tana coci, aka rasa maƙabartar da za ta karɓe shi, muka sa shi a bakin gonarsa. Babu dutse, babu rubutu. Inna ce ta tsago daga gambar da ta taho da ita daga Ketare tun tana amarya, ta dasa bakwai kewaye da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ita kaɗai ce shaidar inda yake. Kuma har gobe maganar Inna ɗaya ce, in ta cika a sa ta gefensa.

Mai'unguwa ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen kaka. Na so in tsagi ko ɗaya in dasa a gida, Inna ta ce ba mai sa diga a kan mijinta tana numfashi.

To malamar ciyawa, mu shekara da shekaru muna nome ta muna zubarwa, ke aka ce a jami'a ake karanta ta. Ga ranar karatunki ta zo. In aka tone, akwai yadda za a maido ta? Wallahi abin ya tsaya mani a rai.

Yayanki,
Yahuza

Ibadan
8 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, da Inna, da Yaya Suwaiba. Ni lafiya ta ƙalau, sai kewar gida. Da Malam Mamuda ya miƙo mani takardarka na gane rubutun tun kafin in buɗe, har yanzu kana kwantar da harafi kamar dawar da iska ta buge. Na yi dariya, da na kai ƙarshe kuma na yi kuka.

Akwai dabara, Yaya. Gamba ba kamar kyasuwa ba ce mai mutuwa duk shekara. Samanta ne ke bushewa, tushen yana nan da rai. Saiwarta kashi uku ce: wata na shimfiɗe a sama tana shan ko da yayyafi ne, wata mai kauri kamar igiya tana ajiye abinci, wata ta nutse ƙasa neman laima. Shi ya sa in wuta ta ci daji ita ke fara toho. Shi ya sa kuma in aka tone tushen da rani, an kashe ta ke nan.

Amma tana da iri. A gida ba wanda ya taɓa shuka gamba, tsagi muke dasawa da damina, kuma muna yanke ta tun tana ɗanya saboda zana, shi ya sa ba mu san irinta ba. Mu nan shukawa muke yi. Cikin wannan watan za ta fidda kai. Ka roƙi Baba Mai'unguwa ya bari ta nuna, ka yanko kawunan ka aiko mani in adana su inda sanyi yake. Kada a taɓa tushen saboda ni. Iri kaɗai ya isa.

Na ba malamina labarin gambar Inna, yadda take riƙe ɗanyen ganye har Janairu bayan ta kowa ta bushe. Ya ce irin wannan ake nema don kiwo. In irin ya zo da yawa zan ɗebi kaɗan in sa a cikin bincikena, sunan Inna ya shiga littafi.

Ka ce wa Inna ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Lidiya

Ibadan
27 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Cikin sauri nake rubutu, an ce motar Malam Mamuda za ta tashi yanzu.

Na yi kuskure a takardar da ta wuce. Na ce ka bari ta nuna, ban faɗa maka yadda nunar gamba take ba. Don Allah kada ka yi mata irin ta dawa. Ba a jira ta bushe. Irin da ke da ƙwaya shi ya fi nauyi, shi ke fara zuba, kuma cikin 'yan kwanaki yake ƙarewa. Da ka ga saman kan ya fara kakkaɓewa, ko da ƙasan yana kore, ka yanka ranar. Ka tara a inuwa kwana uku sannan ka kaɗe. In ka jira ta bushe, ƙaiƙayi za ka tara.

Ka aiko mani da amsa in san ta same ka.

Lidiya

Unguwar Gide
14 ga Disamba, 2021

Lidiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Inna ta yi zazzaɓi kwana huɗu, ta ji sauƙi. Tun takardarki ta farkon Oktoba ban sake jin ɗuriyarki ba, Malam Mamuda ma mun daina ganinsa, an ce motarsa ta lalace a hanya. Wani ɗan'uwansa na ba wagga takarda, da buhun.

Ga irinki nan, buhu guda cur. Ba don yabon kai ba, na yi aikin yadda Baba ya koya mana. Kin tuna yadda yake zagin mai yanke dawa ɗanya, ya ce rago ne mai gudun jira? To ban yi gaggawa ba. Mai'unguwa ya aiko sau uku, ina cewa saura kaɗan. Wasu har sun fara cewa ba kabari nake karewa ba, tsafin Maguzawa ne na kasa bari. Na haɗiye. Kullum da safe sai na je na murza kan, in na ji da sauran laima in bar shi. Sai da ya bushe ƙayau, ya yi fari kamar auduga, sannan na sa lauje. Ki ji yadda buhun ba nauyi, ko ɗigon laima babu.

Washegari samari suka zo da diga. Tunda kin ce iri kaɗai ya isa, ban hana ba. Na ce wa Inna, ɗiyarki mai ilimin abin ta ce za a maido ta da damina. Ta sa aka kama mata hannu har gonar, ta tsaya tana jin ƙarar digar. Suka tumɓuke bakwai ɗin, suka maida ƙasa cikin ramukan suka tattake, suka cinna wa tushen wuta. Na saci tsagi ɗaya na sa a tsohon bokiti ina ba shi ruwa. Na kafa turken ƙirya a wajen kan Baba, na ƙirga taku arba'in daga gindin ɗorawa. A hanyar dawowa Inna ta ce, "Yahuza, yau ne aka rufe shi a wurina."

Wata magana kuma, ki yi haƙuri da ni. Na karanta takardarki ya fi sau goma. Ni ina maganar kabarin ubanmu, ke kina maganar malaminki da littafi. Halan abin bai dame ki kamar yadda ya dame mu ba. Ki ɗebi na bincikenki, ban hana ba, amma ki tuna na Baba ne kafin ya zama na makaranta.

Yahuza

Ƙanƙara
19 ga Fabrairu, 2022

Lidiya,

Muna gaishe ki. Kamar yadda na faɗa maki a waya, muna gidan Kawu a Ƙanƙara, mu tara a ɗaki biyu. Ba wanda ya rasa rai a gidanmu, alhamdu lillahi, amma Unguwar Gide ba kowa. Da hantsi suka shigo, a fili, a kan babura. Duk tonon da muka yi ba abin da ya hana. Na goya Inna a bayana har bakin titi. Bokitin nan da tsagin gamba can muka baro shi.

Sabis ya dawo, amma akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya a gidan da kowa ke jin kowa. Inna kuma ta fi son takarda, sai a karanta mata ta sa a ƙarƙashin matashi.

Shekaranjiya Malam Mamuda ya neme ni har gida. Ya ciro takardarki ta 27 ga Oktoba daga aljihun motarsa, duk ta yi baƙin mai. Wata huɗu, Lidiya. Na karanta a tsaye. Wato duk safiyar da nake zuwa ina murza kan gambar nan ina jin daɗin haƙurina, ɓarna nake yi?

Sau biyu ina tambayarki a waya ko irin ya tsiro, kina ce mani sabon irin gamba barci yake yi, sai ya yi watanni kafin ya farka. Ban ce ƙarya kike ba. Amma na san muryarki tun kina rarrafe. In akwai abin da kike ɓoyewa ki rubuto mani shi, ba yaro ba ne ni.

Jikin Inna ya sauka ƙwarai tun da muka zo. Ba ta cin tuwo sai koko. Kullum sai ta tambaya saura wata nawa ruwa ya sauka.

Yayanki,
Yahuza

Ibadan
2 ga Afrilu, 2022

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da Kawu da mutanen gida. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in faɗi gaskiya, ga ta. Maganar barcin iri gaskiya ce, amma na fake da ita. Tun ranar da na ɗaga buhun na ji ba nauyi gabana ya faɗi. Na shuka a tire sau uku, ina yayyafa ruwa safe da yamma, ko ɗaya bai fito ba. Makon jiya na daure na zauna da allura da madubin ƙara girma, na fasa guda ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk fanko ne. Na zazzage buhun gaba ɗaya na sheƙe, ban sami ƙwaya ko ta rantsuwa ba.

Ba laifinka ba ne. Ka yi abin da kowane manomin kirki zai yi, ni ce na rubuta wa manomin dawa "ka bari ta nuna" na yi shiru. Kuma ni ce na ce iri kaɗai ya isa. Nufina kada ka tsagi tushen ka aiko mani ka ɓata wa Inna rai. Ban taɓa kawowa cewa da wannan layin za ka shawo kanta ta bari a tone ba. Da na sani da na ce ka kwanta a kan gambar nan su fara sare ka.

Ka ce abin bai dame ni ba. Wannan ta yi mani zafi, Yaya, har yanzu tana yi. Ni ce na riƙe wa Inna ƙwaryar ruwa ranar da take dasa su. Saboda gambar nan na zaɓi karatun da kowa ke yi mani dariya a kansa. Na yi maganar littafi ne don ina so wani abu na Inna ya wanzu, ban iya faɗinsa da kyau ba.

Abin da ya rage, tunda turken yana nan, in ruwa ya sauka a samo gamba ko ta ina ce a dasa. Ba ta Inna ba ce, amma za ta riƙe wurin. Kada ka faɗa mata tukuna.

Ka yafe mani.
Lidiya

Ƙanƙara
16 ga Mayu, 2022

Lidiya,

Gaisuwa. Mu dai ga mu nan. Inna ba ta tashi yanzu sai an ɗaga ta.

Na yafe maki, ni ma ki yafe mani. Amma ki daure, abin ya fi yadda kike zato.

An ce an sami ɗan sauƙi wajen Damari, mutane na komawa sharar gona da rana su dawo. Na bi su ranar Laraba. Lidiya, ban gane gonarmu ba. Masu gawayi sun sare ɗorawar, sun tone har kututturen, ba ita kaɗai ba, duk itacen da ke fakon nan. Wuta ta bi ta cinye kara. Shanu sun tattake ko'ina. Turken ƙiryar babu shi, halan shi ma ya zama gawayi. Ramin gawayi huɗu na gani, ban san wanne ne gurbin ɗorawarmu ba, balle in ƙirga taku arba'in. Iyakar kuma daga farko har ƙarshe duk tono ne iri ɗaya, tunda mu muka tone ta da hannunmu.

Na yi ta kai da kawowa daga hantsi har la'asar. In tsaya nan in ce nan ne, in matsa taku ashirin in ce a'a nan ne. Ni da na haƙa kabarin da hannuna. Daga ƙarshe na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ban ma sani ba ko a kansa nake zaune.

Da na dawo Inna ta ce, "Ka gaishe shi?" Na ce na gaishe shi. Ta ce, "To ka share mani gefensa, na gaji da garin mutane." Kawu ya ce in ta cika a sa ta nan Ƙanƙara kawai, wa zai sani? Ni zan sani. Na yi mata alkawari tun ranar da aka rufe Baba, na kuma ja ta har gona ta ji ana tone shi da bakin cewa za a maido. Yanzu ko na kai ta, ina zan haƙa? In haƙa nesa da shi, ko in sa diga a kansa?

Ba dabara nake nema ba wannan karon. Na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Yahuza

Ibadan
1 ga Yuni, 2022

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Inna? Na kira wayarka ba ta shiga, na ba Malam Mamuda wannan na roƙe shi ya sa ta a hannunka da kansa, kada ta kwana a mota.

Kada ka yarda kowa ya sa garma a iyakar nan. Ka ji dalili.

Jiya na ɗauko buhun zan zubar, na tsaya ina kallonsa. Sai na tambayi kaina, in ƙwayar ba ta cikin buhu, tana ina? Yaya, tana ƙasa. Duk kwanakin da ka yi kana jira, zuba take yi a gindin uwarta. Washegarin yankan samari suka tone, suka maida ƙasar cikin ramukan suka tattake, ka rubuta mani da hannunka. Wato sun rufe ta. Wadda ta rage a sarari wuta ta cinye, amma wadda ƙasa ta ɗan rufe wuta ba ta kai gare ta ba. Sauran iyakar kuwa tun Satumba kuka tone, ba ta fidda kai ba, kuma irin gamba ba ya wuce shekara a ƙasa. A duk tsawon gonar nan wuri bakwai ne kaɗai aka binne iri. Yanzu ya gama barcinsa, ruwa kawai yake jira.

Ban ce tabbas ba. Wanda ya nutse da yawa ba zai fito ba, gara da tururuwa ma sun ci nasu. Amma ka je bayan ruwa na uku mai ƙarfi da kamar kwana goma, kafin harkiya da kyasuwa su rufe wurin. Ka bi iyakar a duƙe. Tsiron gamba ba irin tohon da ka sani ba ne, siriri ne, ba zai wuce yatsa ba. Gindinsa ja-ja ne. Ganyen yana da gashi mai laushi sama da ƙasa, da farin layi a tsakiya, kuma wajen da ya kama kara yana tsukewa sosai. Harkiya kwanciya take yi, shi a tsaye yake fitowa. Na zana maka a bayan takarda, na kuma manna busasshen tsiro ɗaya na gambar nan makaranta ka gwada da shi.

In ka ga ɗaya kada ka yi murna tukuna. Ka nemi cunkus, ka ƙirga.

Ina da jarrabawa har tsakiyar Yuli, da na gama zan taho. Ka ce wa Inna ta jira ni.

Lidiya

Ƙanƙara
6 ga Yuli, 2022

Ƙanwata Lidiya,

Ina gaishe ki, ya haƙuri? Allah ya ba mu dangana. Kin ji rasuwar a waya, kuka bai bar mu mun yi magana ba. Ga yadda aka yi, don hakkinki ne ki sani.

Takardarki ta same ni ranar da aka yi ruwa na biyu. Da na karanta na ce yarinyar nan ta fara kame-kame. Duk da haka na ƙirga kwanakin. Ranar 23 ga Yuni na hau mashin zuwa Damari, na ƙarasa a ƙafa. Na fara daga kusurwar gabas, a duƙe kamar mai tsintar gyaɗa, takardarki a hannu. Masu wucewa suna ce mani sannu, na san a ransu cewa suke Yahuza ya taɓu. Harkiya, harkiya, ƙarangiya, harkiya. Bayana ya ƙage, na kai wajen taku ɗari biyu ban ga komai ba. Wurin da na zauna na yi kuka a watan Mayu ma na wuce shi, babu.

Can gaba, inda ko a mafarki ban zata ba, na ga wani cunkus kamar faɗin faifai. Na murza ganyen na ji gashi. Na duba gindin, ja. Na tuna kin ce kada in yi murna, na ɗaga kai. Ga wani. Ga wani can. Na bi su da rarrafe ina ƙirgawa da ƙarfi ni kaɗai a daji. Na shida 'yan tsiro uku ne kacal, sai da na sa ido ƙwarai. Bakwai ne, Lidiya, a kewaye, tsakiyarsu daidai tsawon mutum. Na cire hula na ce, Baba, ni ne, na yi ɓatan kai.

Na jera duwatsu, na ciro tsiro biyu da ƙasarsu a gwangwani na taho da su. Inna ba ta gani lokacin. Na sa mata a hannu. Ta murza ganyen da yatsa biyu, ta kai hanci, ta daɗe. Sannan ta ce, "Wannan tawa ce." Na daure na faɗa mata komai, buhun fanko, turken, ƙaryar da na yi mata cewa na gaishe shi. Ta ce, "Na sani. Wanda ya gaishe da ubansa ba haka yake shigowa gida ba." Ta tambayi wa ya gano, na ce ke. Ta ce ashe karatun ciyawar ba wasa ba ne.

Ta ƙara kwana tara. Ta so ta jira ki, wallahi ta so, tana ta tambayar yaushe jarrabawar za ta ƙare. Ranar Asabar da safe ta cika. Malam Mamuda ne ya ɗauke mu a motarsa. Mutanen cocinku na Damari sun zo, abokaina na masallaci sun zo, Baba Mai'unguwa ma ya zo da sandarsa, shi ya fara sa diga. Cunkus uku na gefen sun faɗa inda za a haƙa, na ɗebe su da ƙasarsu na ajiye a inuwa. Da muka rufe ta na rarraba su, na kewaye su biyun gaba ɗaya. An yi ruwa washegari, sun kama.

In kin taho ki zo da takalmin shiga gona, zan kai ki. Buhun nan ma kada ki zubar, ki taho mani da shi.

Ta bar maki saƙo, ta sa na maimaita sau biyu don kada in ɓata. Ta ce gwangwanin da tsiro biyun naki ne, ki kai makaranta ki sa a littafin. Gambar kan kabarin kuwa, ta ce ko ta yi tsawon mutum, ko wa ya aiko, kada a sa mata lauje. A bar ta ta zubar da irinta.

Yayanki,
Yahuza